Rangwamen haraji a kan zubin fansho a Birtaniya: wa ke bin hukuma ciko, kuma ta wace hanya ake karɓarsa?

Daga ranar 1 ga Satumba 2025 hukumar tara haraji ta Birtaniya, wato HMRC, ta daina karɓar buƙatar ƙarin rangwamen haraji a kan zubin fansho ta wayar tarho, ta kuma wajabta wa duk ma'aikacin da zai nemi wannan rangwame ba ta fom ɗin haraji na shekara ba ya haɗa da takardar shaida daga kamfanin da ke riƙe masa fansho. Kafin wannan rana ba a neman shaida sai zubin ya haura fam 10,000. Wanda ya daɗe yana aiki a Landan ko Manchester yana ganin ana yankar masa kuɗin fansho kowane wata zai iya cewa wannan sanarwa ba ta shafe shi ba, tunda komai na albashinsa na'ura ce ke lissafawa. Ga wasu haka ne. Ga wasu kuwa, akwai kuɗinsu a hannun hukuma wanda ba za a ba su ba sai sun buɗe baki sun nema, kuma abin da ya raba waɗannan rukunoni biyu shi ne hanyar da zubinsu ke bi kafin ya isa asusun fansho.

## Asalin rangwamen

Dokar harajin Birtaniya ta ginu a kan cewa kuɗin da mutum ya ajiye don tsufansa ba a karɓar haraji a kansa lokacin ajiyewa, sai lokacin da ya fara cin fanshon. Saboda haka idan an riga an yanki haraji daga kuɗin da ya shiga asusu, hukuma tana mayar da shi, kuma gwargwadon matakin harajin da mutum yake biya ne ake mayar masa.

Shekarar haraji tana farawa ranar 6 ga Afrilu, ta ƙare 5 ga Afrilun shekara mai bi mata. A Ingila, Wales da Ireland ta Arewa, fam 12,570 na farko na abin da mutum ya samu ba a taɓa su. Daga nan zuwa fam 50,270 ana karɓar kashi 20 cikin 100, wanda shi ne matakin ƙasa. Abin da ya haura haka har zuwa fam 125,140 ana karɓar kashi 40, wato babban mataki, abin da ya wuce nan kuma kashi 45. Kowane mataki yana aiki ne a kan ɓangaren kuɗin da ya faɗa cikinsa kaɗai, don haka mai albashin fam 55,000 yana biyan kashi 40 ne a kan fam 4,730 kawai. Wannan batu zai dawo idan an zo lissafi, domin shi ne ke iyakance cikon da za a iya nema.

## Hanyoyi uku da zubi ke bi

Hanya ta farko ita ce a cire zubin daga albashi kafin a lissafa haraji. Mai albashin fam 60,000 da ya zuba fam 5,000, a kan fam 55,000 za a yanke masa haraji, kuma da wannan ya samu cikakken rangwamensa nan take, ko a wane mataki yake. Tsarin fanshon ma'aikatan lafiya na NHS da na malaman makaranta a kan wannan hanya suke tafiya. Likita ko ma'aikaciyar jinya da ba ta da wani asusu sai na NHS ba ta bin hukuma ko kobo, kuma idan ta rubuta wannan zubi a fom tana neman ciko, ta nemi rangwame sau biyu ke nan a kan kuɗi ɗaya, abin da za a karɓe daga baya. Wanda ya yi aikin albashi a Najeriya ya saba da irin wannan, domin kashi 8 da dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci ana cire shi ne kafin a lissafa haraji, shi ya sa yake da sauƙi ya ɗauka cewa ko'ina haka abin yake.

Hanya ta biyu ita ce tushen rikicewar. A nan sai an gama yankar haraji sannan a cire zubin daga abin da ya rage. Kamfanin fansho ne ke zuwa wurin HMRC ya karɓo harajin matakin ƙasa ya zuba a asusun mutum: duk fam 80 da ya fita daga aljihu, sai hukuma ta ƙara fam 20 ya zama 100. Kamfanin ba ya duba albashin kowa, kashi 20 yake karɓo wa kowa da kowa. To wanda aka yanki kashi 40 daga kuɗinsa, rabin harajinsa ne kawai ya dawo, ɗaya rabin yana nan a wurin hukuma. Asusun fanshon da mutum ya buɗe da kansa a kan wannan hanya yake, haka ma asusun NEST da gwamnati ta kafa domin tsarin shigar da ma'aikata fansho kai tsaye wanda aka fara a Oktoban 2012, tare da wasu tsare-tsaren wuraren aiki da kamfanonin inshora ke gudanarwa.

Hanya ta uku yarjejeniya ce tsakanin ma'aikaci da wurin aikinsa: ya yarda a rage masa albashi a rubuce, wurin aikin ya zuba abin da aka rage a asusun fanshonsa. Tunda kuɗin bai taɓa zama albashi ba, babu harajin da za a mayar, babu kuma kuɗin inshorar ƙasa a kansa, wato gudunmawar da ake yanka daga albashi ban da haraji. A nan ma babu cikon nema.

Mutum na iya gane hanyarsa ba tare da ya je wurin akanta ba. Idan ya buɗe asusun fanshonsa ta intanet ya ga zubinsa na wata, misali fam 160, sannan bayan wasu makonni ya ga wani fam 40 ya shigo da sunan haraji, to yana kan hanya ta biyu. Wata alamar ita ce takardar albashi ta nuna ana cire kashi 4 alhali kwantiragin aiki ya ce kashi 5 ne, domin kashi ɗayan da ya rage hukuma ce ke cikawa. Idan kuma albashin da aka rubuta a takardar P60 ta ƙarshen shekara ya gaza ainihin albashin da daidai adadin zubin, to hanya ta farko ce ko ta uku. In duk wannan bai warware ba, tambaya ɗaya ta isa a aika wa ofishin biyan albashi: kafin haraji ake cire kuɗin fanshona ko bayan haraji?

## Lissafin

A ɗauki ma'aikaci a Ingila mai albashin fam 60,000, wanda ya zuba fam 4,000 daga aljihunsa cikin shekara ta hanya ta biyu. Kamfani ya karɓo masa fam 1,000, jimillar zubi ta zama fam 5,000. Idan ya nemi ciko, HMRC za ta faɗaɗa masa matakin ƙasa da fam 5,000, wato iyakar da ake fara karɓar kashi 40 ta matsa daga fam 50,270 zuwa fam 55,270. Fam 5,000 da a da aka yanka da kashi 40 yanzu kashi 20 ne a kansu, bambancin fam 1,000 ne, kuma shi za a mayar masa. A ƙarshe fam 5,000 da ke cikin asusunsa sun ci masa fam 3,000.

Wannan ciko ba asusun fansho yake shiga ba. Hannun mutum yake dawowa, ko dai a tura masa banki ko a rage masa harajin watanni masu zuwa, kuma idan yana so ya ƙaru a fanshonsa sai ya sake zuba shi da kansa.

Inda mutane ke kuskuren lissafi shi ne zaton cewa duk zubin da suka yi zai samu kashi 40. Wannan ma'aikaci fam 9,730 ne kawai na albashinsa suka shiga babban mataki. Da zai zuba fam 12,000, kamfani ya mayar da su 15,000, cikon da zai samu kashi 20 ne na fam 9,730, wato fam 1,946, sauran zubin kuwa ya tsaya a rangwamen matakin ƙasa da aka riga aka ba shi.

Ko wanda bai taɓa ƙara komai a kan mafi ƙarancin abin da doka ta wajabta ba yana iya bin hukuma kuɗi. A tsarin shigarwa kai tsaye ana zuba aƙalla kashi 8 na ɓangaren albashi da ke tsakanin fam 6,240 da fam 50,270, wurin aiki ya ba da 3, ma'aikaci ya ba da 5. Kashi 5 na fam 44,030 ya kama fam 2,201 da ɗoriya, cikonsa kusan fam 440 a shekara ga mai albashin fam 60,000, wanda idan aka tara na shekaru huɗu ya haura fam 1,700.

Akwai wani gurbi tsakanin fam 100,000 da fam 125,140 inda lissafin ke da nauyi na daban. A wannan gurbi, duk fam 2 da mutum ya samu sama da 100,000 ana rage masa fam 1 daga kason da ba a karɓar haraji a kansa, abin da ke sa ainihin harajin wurin ya kai kashi 60. Zubin fansho yana rage adadin da ake auna wannan da shi. Mai samun fam 110,000 da ya zuba fam 8,000, aka cika su 10,000, zai koma kan 100,000 daidai a ma'aunin hukuma, kasonsa ya dawo cikakke, harajinsa ya ragu da fam 4,000 ban da fam 2,000 da kamfani ya karɓo. Wannan ma'auni ne kuma ake amfani da shi wajen karɓe kuɗin tallafin yara daga mai samun tsakanin fam 60,000 da fam 80,000, ga iyalan da suka cancanci tallafin tun farko.

## Dalilin da maganar ta faɗaɗa

A da babban mataki na manyan masu albashi ne. Tun Afrilun 2021 iyakar fam 50,270 ba ta motsa ba: Rishi Sunak, lokacin yana ministan kuɗi, ya daskarar da ita zuwa 2026, Jeremy Hunt da ya hau kujerar daga baya ya ƙara wa'adin zuwa 2028, magajiyarsa Rachel Reeves kuma ta kai shi 2031 a kasafin Nuwamban 2025. Albashi kuwa ya yi ta tashi don bin tsadar rayuwa, sai ga mutanen da ba su taɓa ɗaukar kansu masu kuɗi ba sun tsallaka iyakar, wasu saboda ƙarin girma, wasu saboda aikin bayan lokaci, wasu kuma saboda aiki biyu da suke haɗawa. Mafi yawan irin waɗannan ba sa cika fom ɗin haraji na shekara, domin a albashi ake yanke musu komai, don haka babu wata takarda da za ta zo ta tambaye su ko sun zuba fansho. Hukuma ba ta lissafa cikon da kanta ta aiko da shi.

## Yadda ake nema, da inda ake tuntuɓe

Wanda yake cika fom ɗin shekara, kamar mai sana'ar kansa ko mai gidan haya, a cikin fom ɗin zai nema, kuma wa'adin miƙa shi ta intanet 31 ga Janairu ne bayan ƙarewar shekarar haraji. Adadin da ake rubutawa shi ne jimillar zubi, wato abin da ya fita daga aljihu haɗe da abin da kamfani ya karɓo. Wanda ya rubuta fam 4,000 a wurin da ya kamata ya rubuta 5,000 ya yafe wa hukuma fam 200 ba da saninsa ba. Kason da wurin aiki ya zuba ba ya shiga wannan adadi ko kaɗan.

Wanda ba ya cika fom zai nema ta shafin gwamnati na intanet ko ta wasiƙa, ya ba da lambar inshorarsa ta ƙasa, sunan kamfanin fansho, adadin da ya zuba a kowace shekarar haraji daban-daban, da takardar shaida daga kamfanin. Ana iya komawa baya shekaru huɗu: cikon shekarar da ta ƙare 5 ga Afrilu 2023, alal misali, ƙofarsa a buɗe take har 5 ga Afrilu 2027, bayan nan kuma ya tafi. Na shekarun baya a dunƙule ake biya. Na shekarar da ake ciki yawanci ta lambar haraji ake gyarawa, wato wannan 1257L da ke saman takardar albashi ta sauya zuwa adadi mafi girma. Sai dai lambar kan ci gaba da aiki a shekara mai zuwa bisa zaton zubin bai canza ba, saboda haka wanda ya daina zubi, ko ya koma wurin aikin da ke cirewa kafin haraji, bai sanar ba, zai wayi gari hukuma ce ke binsa bashi.

Neman cikon kyauta ne. Kamfanonin da ke tallar karɓo wa mutum harajinsa suna ɗaukar kasonsu ne daga kuɗin da shi ma zai iya nema da takardun da ke hannunsa.

Rangwamen yana da rufi biyu. Zubin mutum da kansa ba ya samun rangwame fiye da adadin abin da ya samu ta hanyar aiki a shekarar, ko fam 3,600 idan samunsa bai kai haka ba, kuma kuɗin haya ko ribar hannun jari ba sa cikin abin da ake ƙirgawa. Sannan jimillar abin da ya shiga fansho daga kowane ɓangare tana da iyakar fam 60,000 a shekara tun Afrilun 2023, tare da damar ɗauko abin da ba a yi amfani da shi ba a shekaru uku na baya. Wanda ya riga ya fara zarar kuɗi daga asusunsa yadda ya ga dama, iyakarsa kan sauko zuwa fam 10,000.

## Sikotland

Mazauna Glasgow da Edinburgh matakansu daban ne. A shekarar haraji ta 2025 zuwa 2026 akwai kashi 19, 20, 21, 42, 45 da 48, kuma kashi 42 yana farawa ne daga sama da fam 43,662. Kamfanin fansho kashi 20 yake karɓowa a nan ma, don haka mai biyan 21 yana bin kashi 1, mai biyan 42 yana bin 22, mai biyan 45 yana bin 25, mai biyan 48 kuma 28. Mai albashin fam 48,000 a Dundee yana da cikon da takwaransa na Leeds ba shi da shi.

## Muhawarar adalci

Masu sukar tsarin suna cewa fam 100 a asusun fansho yana cin mai ƙaramin albashi fam 80, yana cin mai babban albashi fam 60, wato wanda ya fi ƙarfin ajiya shi ya fi samun taimako. Suna ƙara da cewa da yawa daga waɗanda suka samu rangwamen kashi 40 suna aiki, kashi 20 za su biya idan sun yi ritaya, ga kuma kashi ɗaya bisa huɗu na asusu da ake iya ɗauka ba haraji, har iyakar fam 268,275. Mafitar da suka fi kawowa ita ce a yi wa kowa rangwame ɗaya. George Osborne, ministan kuɗi na lokacin, ya buɗe shawara a kan sake fasalin tsarin a 2015, ya janye a Maris 2016, ita ma Reeves ta taɓa goyon bayan kashi 33 ga kowa shekaru kafin ta zama minista, amma da ta hau kujerar ba ta kawo shi a kasafin 2024 ko na 2025 ba.

Masu kare tsarin suna cewa jinkirta haraji ne ake yi, kuma wanda ya biya kashi 40 idan aka mayar masa da ƙasa da haka sannan aka sake karɓa lokacin fansho, an ci shi sau biyu a kan kuɗi ɗaya. Hujjarsu mafi ƙarfi ta aiki ce: a tsare-tsaren da ke biyan fansho gwargwadon albashi da shekarun aiki, irin na NHS da na malamai, rangwame ɗaya zai tilasta a ƙimanta abin da wurin aiki ke zubawa a caji ma'aikaci haraji a kansa, wanda zai iya rage albashin hannu na likitoci da shugabannin makarantu nan take. Cibiyar nazarin harkokin kuɗin gwamnati ta IFS ta sha nuna cewa sassaucin da ya fi yawa yana wajen yafe kuɗin inshorar ƙasa a kan zubin wurin aiki da kuma kason da ake ɗauka ba haraji. Ta wannan ƙofa gwamnati ta fara shiga: daga Afrilun 2029, fam 2,000 na farko ne kawai na zubin da aka yi ta hanyar rage albashi za su tsira daga kuɗin inshorar ƙasa. Rangwamen harajin kuɗin shiga ba a taɓa shi ba.

Hanyoyin biyu na farko kowacce da wanda take ƙwara. Ta biyu tana barin mai babban mataki da ɗawainiyar nema, ta farko kuwa tana hana mai albashin ƙasa da fam 12,570 ƙarin fam 20 da zai samu da a ɗaya hanyar yake, tunda babu harajin da za a rage masa. Gwamnati ta amince ta biya irin waɗannan ma'aikata cikon daga zubin shekarar 2024 zuwa 2025.

## Ga wanda ke shirin komawa gida

Kuɗin fansho a kulle suke har mutum ya kai shekara 55, kuma daga 6 ga Afrilu 2028 shekarun za su koma 57. Barin Birtaniya ba ya buɗe asusun, ba ya kuma ƙwace shi. Yana nan da sunan mai shi ko ya koma Kano ko Maraɗi. Wannan abin aunawa ne ga wanda ke tunanin ƙara zubi don cin moriyar kashi 40 alhali yana da gini a gida ko kuɗin makarantar yara a gabansa. Cikon abin da aka riga aka zuba kuwa ba ya cikin wannan kulle, tunda hannu yake zuwa, kuma wa'adin shekaru huɗu yana ci gaba da tafiya ko mutum yana ƙasar ko ya bar ta, don haka ya fi sauƙi a tattara takardun P60 da shaidar kamfani tun asusun banki da adireshin Birtaniya suna aiki. Masu damuwa da inda ake juya kuɗin suna da zaɓi, domin NEST da wasu kamfanoni suna da asusun da ke bin ƙa'idojin Shari'a, kuma sauya asusun zuba jari ba ya canza rangwamen da mutum ya cancanta ko hanyar nemansa.